Hunger Games: wanne ya fi nuna zalunci, littafin ko fim ɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina wuni. Ni ƴar lise ce nan Damagaram, unguwar Birni. An ba mu ekspoze, wato bayanin da za mu gabatar gaban aji, kan zalunci cikin labaran matasa irin waɗanda ake ce ma distopi, mu kuma mun ɗauki Hunger Games. Na kalli fim ɗin a wayar yayana, amma littafin da aka ara mini kauri gare shi ga jarabawa na matsowa. Ƙawayena sun ce duk abu guda ne, in na kalla ya wadatar. Dan Allah Malam gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya ba abu guda ba ne, kuma daidai wurin da suka rabu ɗin nan ne ekspoze ɗinki yake.

Distopi dai labari ne da ake ƙirƙiro wata duniya, galibi ta gaba, inda masu mulki suka danne mutane har dannewar ta zama ruwan sha. Suzanne Collins ta Amurka ta fitar da littafin farko a 2008, fim ɗinsa ya fito 2012. Ƙasar sunanta Panem, akwai babban birni Capitol da gundumomi 12 masu yi masa bauta, ko wace shekara ko wace gunduma sai ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya ƴan shekara 12 zuwa 18, su 24 kenan, a zuba su a fili su kashe juna ana nunawa a tele. Wannan duk kin gani a fim.

Abin da ba ki gani sosai ba shi ne yadda ake shiga ƙuri'ar da ake zaɓen yaran da ita, kuma wallahi ni a wurina nan ne zuciyar labarin take. Yaro in ya kai 12 sunansa na shiga sau ɗaya, a 13 sau biyu, haka har 18 sau bakwai. To amma in gidanku babu abinci, hukuma za ta ba ka ɗan hatsi da mai na shekara na mutum ɗaya, sharaɗin shi ne a ƙara jefa sunanka, kuma ƙarin ba ya goguwa, taruwa yake shekara bayan shekara. Katniss, yarinyar da labarin ke kanta, tana karɓa ma kanta da uwarta da ƙanwarta, shi ya sa tana da shekara 16 sunanta ya shiga sau 20, abokinta Gale mai ciyar da gida babba sau 42. Ɗan mai shago kuwa da bai taɓa kwana da yunwa ba nasa bai wuce ƙa'ida ba. Ke ƴar Damagaram ce, kin san yadda magidanci ke cin bashin tiya lokacin da rumbu ya ƙare damina ba ta kai ba, ya biya da tsada in an yi girbi, to a can da ran ɗansa ake biya. Kuma littafin ya faɗa ƙarara cewa wannan dabara ce ta raba kan talakawa, mai yunwa ya riƙa jin haushin maƙwabcinsa mai ɗan hali ya manta da wanda ya kafa dokar tun farko. A fim an ambaci 42 ɗin nan a baki guda an wuce, wanda bai karanta ba ba zai ma gane lissafin ba.

Dalili shi ne littafin daga bakin Katniss yake, "ni" take cewa daga farko har ƙarshe, muna cikin kanta muna jin tsoronta da zarginta. Lokacin da ubanta ya mutu a ramin kwal tana da shekara 11, uwar ta zauna shiru kamar babu ita, yarinyar na yawo cikin ruwan sama tana leƙa kwandon shara har Peeta, ɗan mai gidan burodi wanda daga baya suka shiga filin tare, ya ƙona burodi da gangan ya jefa mata, ta daɗe tana ba mu wannan labarin, kuma abin da ya tsaya mata a rai shi ne bashin alherin da ta kasa biya. Kyamara ba ta iya ɗaukar nauyin bashi a zuciya. Ta nuna ruwan sama da burodin na ɗan lokaci, shi kenan. Sannan yunwa kanta wuyar nunawa gare ta, ƴan wasan lafiyayyu ne ƙosassu, ko an sa musu tsumma ido na ganin jiki mai kyau.

Akwai kuma abubuwan da aka tausasa don a Amurka a bar ƴan shekara 13 su shiga sinima. A littafi Peeta ya rasa ƙafa an sa masa ta roba da ƙarfe, a fim ya fita da ƙafafunsa biyu. Katniss kunnenta na hagu ya toshe bayan fashewar nakiya sai da likitocin Capitol suka gyara. Dabbobin da aka sako musu a ƙarshe, a littafi idanun yaran da aka riga aka kashe ne a fuskarsu, a fim manyan karnuka ne kawai. Wadda ta fi tsaya mini ita ce baiwar nan mai jan gashi da aka yanke ma harshe, Avox ake ce musu. Katniss ta taɓa ganinta a daji tana gudu tana neman taimako da ido, ita kuma ta laɓe ba ta yi komai ba, sai ga shi yarinyar ce ke kawo mata abinci a Capitol. Wannan kunyar ta wanda ya ga zalunci ya yi shiru don tsoro, fim ya ajiye ta gefe ɗungurungum, alhali duk mulkin danniya da irin wannan shirun yake rayuwa.

Kar ki ɗauka ina kushe fim ɗin fa. Akwai abin da ya yi wanda littafin ba zai iya ba, tunda Katniss ba ta ganin abin da ke faruwa bayan fage. Fim ya shigar da mu ɗakin masu sarrafa wasan, mutane cikin fararen kaya suna taɓa allo suna cinna ma yara wuta kamar masu aikin ofis, ya kuma nuna mana shugaba Snow cikin lambunsa yana bayyana ma Seneca Crane, babban masu sarrafa wasan, dalilin da ya sa ake barin mutum ɗaya ya tsira, wato ɗan fatan tsira kaɗan ya fi tsoro riƙe mutane. Wannan wurin ya yi kyau ƙwarai, ki sa shi a ekspoze. Bayan mutuwar Rue, ƙaramar yarinyar gunduma ta 11 da ta haɗa kai da Katniss a filin, ma sun bambanta: fim ya nuna mutanen gunduma ta 11 sun yi bore suna fasa kaya, littafi kuma cewa ya yi sun haɗa ɗan abin da suke da shi, su da ba sa ƙoshi, suka aiko ma Katniss burodi guda. Ni burodin ya fi taɓa ni, amma na san ɗalibai da yawa boren ne ya tsaya musu, kuma ban ce sun yi kuskure ba.

Sai wani abu mai ɗan nauyi. Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata ne tana sauya tasha tsakanin wasannin gasa na tele da labaran yaƙin Iraƙi har suka cakuɗe mata. Sunan Panem ma daga wata tsohuwar maganar Rumawa ne, burodi da wasa, a ba jama'a abinci da kallo su bar tambayar masu mulki. To mu da muka zauna gaban waya muna jiran mu ga wa zai kashe wa, muna yaba rigar wuta ta Katniss, kujerar wa muka zauna? Ta mutanen Capitol. Mai karatu yana cikin filin tare da yarinyar, mai kallo yana waje, kuma wannan ba laifin darakta ba ne, haka kallo yake.

In malaminku na son misali na biyu, akwai The Giver na Lois Lowry, 1993, wanda a Faransanci ake ce ma Le Passeur, fim ɗinsa 2014. Jonas, jarumin labarin, ɗan shekara 12 ne a littafi, fim ya mai da shi saurayi ya ƙara soyayya da tsere. Amma dabarar fara fim ɗin baƙi da fari sannan launi ya riƙa shigowa yayin da idonsa ke buɗewa, wannan sinima ce kaɗai za ta iya.

Kuma kar ki ji kamar labarin na nesa ne. A ce ko wane gari ya ba da adadin mutane kaza ga hukuma, kakanninmu sun san shi zamanin aikin tilas na Turawan Faransa, wanda sai 1946 aka soke shi. In akwai tsoho a gidanku ki tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa, zai ba ki abin buɗe ekspoze da ya fi duk abin da za ki samu a intanet.

Tunda lokaci ya ƙure miki, ga abin da za ki yi. Ki karanta babi na 1 da na 2, nan ne maganar hatsi da ta burodi suke, sai babi na 6 don yarinyar da aka yanke ma harshe, sai na 18 don Rue. Daga nan ki sake kallon waɗannan wuraren a fim da biro a hannu, ki rubuta abin da aka cire da abin da aka ƙara. Sauran littafin ki ajiye shi zuwa hutu, amma ki roƙi mai shi ya ƙara miki kwana.