Me ya haɗa zanen da ake taɓawa da tsara manhaja?

Ƙanwata, kin tambaya me ya haɗa zanen baje-koli mai amsa motsin mutum da tsara manhaja. Tushensu ɗaya: mutum ya motsa, na'ura ta amsa nan take. Tun shekarun 1970 Myron Krueger, wani masanin kwamfuta kuma mai zane, ya haɗa irin wannan zane mai suna Videoplace a Amurka, kyamara na ɗaukar inuwar mutum, hoton allo na biye masa. Sai dai mai zane na iya ruɗa ki da gangan, manhajar banki kuwa ba ta isa ta yi haka ba.

Na taɓa kafa irin wannan allo a Wuse. Yara suka yi ta tsalle gabansa, dattawa suka tsaya nesa, hannu a baya, don babu alamar a matso. Laifina ne. Don haka in za ki yi naki, ki fara gwadawa da waɗanda ba su san aikin ba. Haɗa wayoyin wuta kuwa, ki bar wa ƙwararren mai aikin lantarki.