Tambaya da Amsa: Zagaya Tsohon Birnin Lisbon a Keken Tuk Tuk

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙun masu karatu da ke shirin zuwa Lisbon, babban birnin Fotugal, waɗanda duk suka yi tambaya a kan keken da ake ɗaukar baƙi da shi a zagaya da su tsohon gari.

Daga wata Hajiya a Kano: Ɗana da ke karatu a Turai ya ce idan na je zai ɗauko mana shatar "tuk tuk" mu zaga Lisbon. Da ya turo hoton sai na ga ai a-daidaita-sahu ce. Ina da ciwon gwiwa. Wannan abu zai yi mini amfani kuwa, ko dai mu nemi mota?

Hajiya, idonki bai yaudare ki ba. Ƙirar ɗaya ce da keken da kika sani, mai taya uku, sai dai da yawa daga cikin na Lisbon da batir suke aiki, ba su da ƙara ba su da hayaƙi, kuma akwai manya masu ɗaukar mutum har shida. Bambancin yana wajen aikin. A can ba a tare shi a bakin titi don a je kasuwa. Sa'o'i ake saya, direban kuma shi ne ɗan jagora, yana tuƙi yana bayani, yana tsayawa a sauka a ɗauki hoto.

Ga mai ciwon gwiwa, ɗanki ya yi tunani mai kyau. Lisbon gari ne da ke zaune a kan tuddai, har ana yi masa kirari da birni mai tudu bakwai. Unguwannin da suka fi tsufa, Alfama da Graça da Mouraria, duk hawa ne da gangara, an shimfiɗe hanyoyin ƙafa da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe waɗanda sawun mutane ya goge har suna sheƙi. Daga bakin kogin Tejo zuwa Senhora do Monte, ɗaya daga cikin wurare mafi tsayi da ake hango gari, tafiya ce da za ta sa mai lafiya ma ya tsaya yana haki. Keken zai kai ki kusa da wurin, ga bencina a inuwar bishiyoyi, ki zauna ki ga gari shimfiɗe a gabanki: jajayen rufin gidaje, ganuwar fadar São Jorge, kogi, da gadar 25 de Abril da aka buɗe a 1966.

Abu biyu za ki kiyaye. Tayoyin keken ƙanana ne, titin kuma dutse ne, don haka jijjigar tana shiga baya da ƙugu sosai. Ki zauna a kujerar da ke fuskantar gaba, ki ce wa direba ya bi a hankali tun kafin a tashi. Na biyu, wasu kekunan matakinsu yana da tsayi. A duba tukuna, a ga ko za ki iya hawa da sauka sau biyar ko shida, domin kowace tsayawa sai an sauka. Kuma ki tattara mayafinki da bakin zaninki ciki. Gefen keken a buɗe yake, iskar kogi tana da ƙarfi, kuma kin san abin da taya ke yi wa mayafin da ya sauko.

Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Kwana biyu kacal zan yi a garin, mu huɗu ne. Awa nawa ya kamata mu ɗauka, kuma ina da ina za a bi?

Alhaji, awa biyu ta wadatar idan an tsara ta. Awa ɗaya ta yi kaɗan, domin fitowa daga cunkoson tsakiyar gari da tsayawa biyu sun cinye ta. Awa huɗu kuwa yawanci unguwar Belém da ke can gefen gari ake cusawa a ciki, za mu zo kan wannan.

A fara daga Baixa, wato shimfiɗaɗɗen tsakiyar gari da ke bayan babban dandalin Praça do Comércio. Za ka lura titunan nan a miƙe suke kamar an ja su da zare. Dalili shi ne girgizar ƙasar ranar 1 ga Nuwamba 1755, wadda igiyar ruwa da gobara suka biyo bayanta, ta rushe wannan yanki, sai Marquês de Pombal, babban ministan sarki, ya sa aka sake gina shi a kan sabon tsari. Alfama da ke kan dutse ta fi tsira, shi ya sa lungunanta suka ci gaba da zama a murɗe yadda suke tun da. Idan ka riƙe wannan a ranka, za ka gane abin da kake gani da zarar keken ya fara hawa.

Daga nan sai babbar majami'ar Sé, mai kama da ganuwar yaƙi. Minti goma ya isa a waje. Sai Santa Luzia da Portas do Sol, wuraren hange biyu da ke dab da juna, kada a biya lokacin tsayawa biyu, a sauka sau ɗaya a taka tsakaninsu. Sai a wuce ta majami'ar São Vicente de Fora, a hau Graça, a ƙare hawan a Senhora do Monte. A nan ne ya kamata ku daɗe, ko da minti ashirin ne. Idan ranar Talata ce ko Asabar, kasuwar gwanjo ta Feira da Ladra tana ci a Campo de Santa Clara, kusa da hanyar, sai dai cunkoso yana ƙaruwa.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne shiga fadar São Jorge a tsakiyar zagayen. Keke ba ya kaiwa ciki, sai an taka hawa, a bi layin tikiti, sannan a zaga ganuwa, abin da ke cin awa ɗaya da rabi cikin sauƙi, direba yana jira agogo yana tafiya da kuɗinku. Ku ce a sauke ku kusa da fadar a ƙarshe, ku sallame shi, ku shiga da natsuwa. Dawowa gangara ce.

Haka nan ka sani cewa zuciyar Alfama ba ta shiguwa da abin hawa. Lunguna ne da matakala, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Ƙari a kan haka, a 2025 hukumar birnin ta hana kekunan nan shiga ɗaruruwan tituna a tsofaffin unguwanni, bayan mazauna sun daɗe suna kukan cunkoso da tare ƙofofin gidaje. Saboda haka in direba ya ce ba zai shiga wani titi ba, ba ƙiwa ba ce. Wanda ya yi maka alkawarin zai kutsa ko'ina, shi ne abin tsoro.

Game da Belém: tana da nisan kusan kilomita 6 daga tsakiyar gari, hanyar a miƙe take a bakin kogi, babu tudu. Jirgin ƙasa daga tashar Cais do Sodré zai kai ku cikin kamar minti goma da kuɗi kaɗan, ko tarago mai lamba 15, wato ƙaramin jirgin lantarki da ke bi ta kan titi. Ba mu ga dalilin biyan kuɗin shata a kan wannan hanya ba. Ku ware mata safiyar rana ta biyu, ku ga gidan ibadar Jerónimos da hasumiyar Belém, yankin da matuƙin jirgin ruwa Vasco da Gama ya tashi zuwa Indiya a 1497. Kada ta zama Litinin, ranar a rufe suke.

Daga wani malamin makaranta a Zariya: Na ji an ce ana cutar baƙi a kuɗin wannan keke. Yaya ake ciniki?

Malam, yawancin rigimar daga abu ɗaya take tasowa: ba a fayyace ko kuɗin na keken ne gaba ɗaya ko na kowane mutum ba. A ce an ce maka Yuro 40, ku biyar ne. Kai kana lissafin 40, shi yana lissafin 200. Ba mita a jikin keken, abin da aka yi magana a kai kafin a hau shi ne hujja, don haka a rubuta shi. Ka sa ya rubuta maka a waya ko a takarda jimillar kuɗin, yawan mintoci, ƙarfe nawa aka tashi, wuraren da za a tsaya, da inda za a sauke ku. Ka tambaya ko lokacin da kuka sauka ɗaukar hoto yana cikin lissafi, kusan kullum yana ciki. Tikitin shiga wurare ba ya cikin kuɗin keke sai an faɗa a fili.

Duk kamfanin da ke wannan sana'a bisa doka yana da rajista da hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, lambar tana farawa da haruffan RNAAT, kuma rajistar tana tafiya da inshora. Ka nemi ganin lambar. Wanda ya fara kame-kame, ka wuce, kekuna ba su ƙare ba. Idan ta intanet za ka yi ajiya, ka karanta sharaɗin fasawa, musamman abin da zai faru da kafin alƙalaminka in an yi ruwa. In kuma a titi ne, ka tambayi biyu ko uku, farashi yana sassautowa da yamma da kuma lokacin sanyi, yana tashi ranar da manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido suka tsaya a tashar da ke ƙasan Alfama.

Ka gwada harshen direban kafin ka biya. Rabin abin da kake saya bayani ne, in ba kwa fahimtar juna an yi asarar rabin kuɗin. Ana samun masu Turanci da yawa, masu Faransanci ma akwai ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru. Ka biya a ƙarshe in zai yiwu, ka karɓi rasit. In an saɓa alkawari, a Fotugal doka ta wajabta wa masu kasuwanci littafin koke da ake kira Livro de Reclamações, akwai shi ma a intanet, kuma ambatonsa kaɗai yakan sa a gyara magana. Tukwici ba dole ba ne.

Daga wata uwa a Kumasi: Yarana uku, ƙaramin shekararsa biyu. Za a ɗauke mu?

Ki tambaya tun kafin ki biya, ki faɗi shekarun kowanne. Dokar ƙasar ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 135 ba sai da kujerar yara ta musamman, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar ƙanana sosai. Ko an yarda, ba mu ba ki shawarar rungume ɗan shekara biyu a cinya a abin hawa marar ƙofa, a gangaren da ake taka birki ba shiri saboda tarago. Manyan su zauna a tsakiya, a ɗaura musu bel. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Daga wani ɗalibi a Yamai: An ce Musulmi sun taɓa mulkin garin. Akwai abin da ya rage da za a nuna mana? Sannan ina za mu yi salla mu ci abinci?

Gaskiya ne. Garin ya kasance a hannun Musulmi sama da shekara 400, tun farkon ƙarni na 8 har 1147, lokacin da Sarki Afonso Henriques ya karɓe shi da taimakon mayaƙan 'yan Salibiyya. Larabawa suna kiransa al-Ushbuna. Sunan Alfama kansa daga Larabci ne, al-hamma, saboda maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da ke wurin. Mouraria kuwa ita ce unguwar da aka keɓe wa Musulmin da suka rage bayan an ci garin, a bayan ganuwa, suka zauna nan har umarnin korar Musulmi da Yahudawa na Sarki Manuel na Ɗaya a 1496.

Kada ka sa ran ganin gine-gine irin na biranen Kurɗuba ko Garnaɗa na ƙasar Sifaniya. Abin da ya rage sai an nuna maka. Idan an sauka a Portas do Sol, ka bi matakalar da ke gangarawa Alfama, za ka ga ɓangaren tsohuwar ganuwa da ake kira Cerca Moura, manyan duwatsu jere, gidajen mutane sun jingina da ita, ga shanya a tagogi. A cikin fadar São Jorge akwai wurin da aka tono harsashin gidajen unguwar Musulmi, a harabar cikin majami'ar Sé ma an tono gine-ginen wancan zamani. Direbobi da yawa suna wuce wannan tarihi da jimla ɗaya, don haka ka faɗa tun farko cewa shi kake so a tsaya a kai.

Don salla, Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da Praça de Espanha, wajen tsohon gari, jirgin ƙarƙashin ƙasa na shuɗin layi yana kaiwa. In a cikin zagayen lokaci ya yi, ka nemi a sauke ku a dandalin Martim Moniz. Titin Rua do Benformoso da ke nan cike yake da shagunan 'yan Bangaladash da gidajen abinci na halal, akwai kuma ƙananan masallatai a unguwar. Da rani rana takan kai kusan ƙarfe tara na dare kafin ta faɗi, sai ka duba jadawalin garin, kada ka yi aiki da na gida.

Wani abu da ya kamata a faɗa wa direba tun kafin a tashi: wasu zagayen sukan haɗa da tsayawa a ɗanɗana ginjinha, jan abin sha da ake zubawa a ɗan ƙaramin kofi, wani lokaci kofin na cakulan ne. Kamar tsimi yake a ido, amma barasa ce. Ka ce a cire wannan tsayawar a ƙara muku mintocin a wurin hange. A gidajen abinci kuma ka riƙe kalmar porco, naman alade ke nan, yana shiga miya da wake ba tare da an rubuta a sunan abincin ba. Gasasshen kifi ya fi sauƙin sha'ani. In tafiyarku ta faɗo 12 da 13 ga Yuni, bikin Santo António ke nan, Alfama takan cika maƙil da jama'a da hayaƙin gashin kifin sadin, ana rufe tituna tun da yamma, sai ku ɗauki keken da safe, kamar ƙarfe tara.