Duba shekarar bugu kafin ki saya

'Yar'uwa kin tambaya yaya za ki gane littafin kimiyya ko na tarihi ya dace da ɗanki mai shekara 10. Ni dai na fara duba shekarar da aka buga shi, sannan in ba yaron shafi ɗaya daga tsakiya ya karanta min a bayyane, in kalmomi sama da biyar suka gagare shi a shafin nan to littafin ya fi ƙarfinsa, ki ajiye sai gaba, kar kyan bango da hotuna su ruɗe ki.

Maganar shekarar nan da gaske nake wallahi. Na taɓa saya wa 'yata littafin sararin samaniya, ashe har yanzu yana lissafa Pluto cikin duniyoyi tara, alhali tun 2006 masana suka cire ta saura takwas, yarinya ta zauna ta haddace tsaf ta je makaranta aka ce ba haka ba ne, ta dawo tana kuka, abin ya dame ni sosai. Haka taswirar Afirka, in ba ki ga Sudan ta Kudu ba to bayanan na kafin 2011 ne.