Digiri na biyu: yaɗuwar cututtuka ko ƙididdigar lafiya?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata shida a bakin aiki. Ina son yin digiri na biyu, amma na rasa wanne zan ɗauka tsakanin ilimin yaɗuwar cututtuka da ƙididdigar lafiya. Rabona da lissafi tun sakandare.

Amsa: Malama, maganarki ta ƙarshe ta raba gardama. Ƙididdigar lafiya lissafi ce tsagwaronta. Galibin jami'o'i sai sun ga shaidar kin yi kalkulas da aljabara mai zurfi kafin su ɗauke ki, kuma wanda ya lallaɓa ya shiga ba tare da su ba, darasin lissafin yiwuwa ke kayar da shi tun zangon farko.

Ilimin yaɗuwar cututtuka ya fi kusa da aikinki: wa ya kamu, a ina, yaushe, me ya jawo? Haka likita John Snow ya yi a Landan a 1854, ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa har ya gano galibinsu famfo ɗaya suke ɗiba. Akwai lissafi, amma wahalar tana wajen tunani. Misali, masu yawo da ashana a aljihu sun fi kamuwa da sankarar huhu. Ashanar ce? A'a, taba ce ta laɓe a bayanta. Koyon zaƙulo irin wannan ɓoyayyen dalili shi ne rabin karatun.

In aikin hukumar lafiya kike hange, MPH, wato digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma, ya wadatar. In kina da burin digirin digirgir, MSc, wato digiri na biyu na kimiyya, ya fi, don ya fi nutsewa cikin dabarun bincike.

Tambaya daga wani: An ba ni gurbin karatun digiri na biyu. Wace kwamfuta zan saya, kuma in biya kuɗin Stata, manhajar nazarin alƙaluma, tun yanzu?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Tambayi sashenku manhajar da suke koyarwa da ita. Wasu jami'o'in ma suna ba ɗalibai lasisi. Manhajar R kyauta ce, kuma babu abin da kundin bincikenka zai buƙata da ba za ta yi ba, sai dai makonnin farko da ita akwai ciwon kai.

Kwamfuta kuwa, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, za ka duba, domin R da Stata duk a can suke loda bayanai gaba ɗaya. Gigabait 8 zai yi maleji, 16 ya fi kwanciyar hankali. Kada a ruɗe ka da tsadaddiyar kwamfutar wasanni. Rarar kuɗin ka sayi ma'ajiyar bayanai ta waje, ka riƙa kwafe aikinka duk mako, bayan ka cire sunayen marasa lafiya.