Tafasa da lalo a gonar masara: a fesa ko a bari?

Wani manomi daga Kumo ya aiko da tambaya. Tafasa da lalo sun cika masa gonar masara, yana so ya yi feshi, uwargida kuma ta ce a bar mata na miya.

Malam, uwargida ta fi ka gaskiya, amma a yi abin da tsari. Makonni shida na farko bayan shuka, masara ba ta son kishiya ko kaɗan, don haka duk abin da ya tsiro cikin kunya a nome shi. A gefen gona kuwa ka ware taku biyu ko uku, kada feshi ya kusance su. Nan za a riƙa tsinkar tafasa, lalo, gasaya da zaƙi-banza cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin cefane kuma ya yi wuya. Tohon tafasa mai laushi ake tsinka, a dafa, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Gasaya tana da ɗaci, sai a zubar da ruwan farko. Abin da ya yi saura a shanya a inuwa, domin rana tana ƙona korensa, a adana don rani.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne feshi. Maganin ciyawa irin glyphosate ba ya nuna aikinsa nan take. Ganye yakan yi kwanaki yana nan kore shar bayan ya sha magani. Yara su zo su tsinka, ya shiga tukunya. Ranar da ka yi feshi ka sanar da mutanen gida da maƙwabtan gona, kuma kada a ci komai daga wurin.

Wata baiwar Allah daga Dass ta tambaya ko ta dafa wa ɗanta rai-ɗore, zazzaɓi ya hana shi barci.

Malama, ki kai shi asibiti a gwada jininsa yau. Iyayenmu sun yi amfani da ganyen rai-ɗore, an sani, amma zazzaɓin cizon sauro yana kayar da ƙaramin yaro cikin kwana biyu. 'Ya'yan rai-ɗore kuma guba ne, suna lalata hanta da tsoka. A Indiya an rasa yara da suka ci su, dabbobi ma yana kashe su. Da yake yana kama da tafasa, ki duba ganyen: na tafasa shida ne a sili ɗaya, bakinsu a zagaye, na rai-ɗore sun fi yawa, masu tsini, ga wari in an murza. Idan akwai shi kusa da gida, a tumɓuke tun bai yi 'ya'ya ba.