Hukuncin Cin Bashi Don Karatun Aikin Haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wada, Kaduna. Na samu gurbin karatun taimaka wa likitan haƙori, irin masu wankin haƙori da ciko, a wata makarantar gwamnati. Mahaifina ya yi ritaya, fanshonsa ko abinci ba ya kai mu ƙarshen wata. Ina so in nemi bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu, sannan in cike kuɗin kayan aiki da ɗaki daga wata manhajar bashi ta waya. Kawuna ya ce na gwamnati ba bashi ba ne, rabonmu ne. Ni kuma tsorona kada albashin ya kasa biya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sa hannu. Yawanci sai an ci an cinye ake zuwa wurinmu.

Karatun kansa ba shi da matsala. Ilimin magani farilla ne na kifaya, kuma duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san mai wannan sana'a ba ƙaramin taimako yake yi ba. Annabi (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace salla.

Bashin manhaja kuwa, in dai an shardanta za ka mayar da fiye da abin da ka karɓa, riba ce, ko sun kira ƙarin kuɗin ruwa ko kuɗin hidima da ke hauhawa da kwanaki. Abin da muka karanta tun a Risala shi ne rancen da ke jawo amfani ga mai bayarwa bai halatta ba. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, la'anar ta haɗa mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Kuɗin kayan aiki da ɗaki ba su kai lalurar da ke halatta haram ba, domin ba rai ne zai salwanta ba. Wani yaro ya taɓa tare ni bayan Magariba, hannunsa na rawa, ya nuna mini wayarsa: ya yi jinkirin kwana kaɗan, masu manhajar sun aika wa surukinsa da malaminsa saƙo suna kiransa ɓarawo. Ka rufe wannan ƙofar gaba ɗaya.

Na NELFUND daban ne. Dokar da aka sabunta a 2024 ta sa shi babu ruwa: ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana ba ɗalibin da ya nema ₦20,000 a wata na ɗawainiya, biya kuma yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Muddin sharuɗɗan da za ka sa wa hannu haka suke, wannan rance ne halal. Ka dai karanta su da idonka.

Amma maganar kawunka, da girmansa, kuskure ce, kuma ita ta fi damuna a tambayarka, don na ji ta a bakin mutane da yawa. Abin da aka ba ka da sunan rance, ka karɓa da sunan rance, bashi ne a wuyanka ko na waye. Dukiyar gwamnati ma ta fi nauyi, domin masu ita miliyoyi ne, kuma abin da ka mayar da shi za a ba ƙaninka. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa. Wanda ya karɓa yana nufin salwantar da ita, Allah zai salwantar da shi. An kuma kawo wa Annabi (SAW) gawar mai bashi ya ƙi yi mata salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. Shi ya sa har gobe, a maƙabartunmu, ake tsayawa a yi cigiyar masu bin mamaci.

To niyyar biya ba faɗa da baki ba ce kawai, tana son lissafi. Ɗauki biro. A ƙaddara ka karɓi kuɗin ɗawainiya na wata 40, ₦800,000 ke nan, ban da kuɗin makaranta. A ƙaddara kuma ka samu albashin ₦100,000. Kashi goma shi ne ₦10,000 a wata, wata 80, kusan shekara bakwai, a daidai lokacin da kake neman aure da haya. Misali na ba ka, ba alkawarin albashi ba. Mafi ƙanƙantar albashi a dokar 2024 ₦70,000 ne, kuma mai taimaka wa likita ba albashin likita yake ɗauka ba. Ka je Asibitin Barau Dikko ko Asibitin 44, ko wani asibitin kuɗi, ka samu mutum biyu ko uku masu wannan aikin, ka tambaye su nawa suka fara ɗauka, kuma wata nawa suka zauna kafin su samu aiki. Ka tabbatar hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista ta amince da kwas ɗin a makarantar taku, don takardar da ba ta kai ga lasisi bashi kawai za ta bar maka. Wannan binciken ba rashin tawakkali ba ne. Ɗaure raƙumi ne.

Hukunci: ya halatta ka karɓi na NELFUND da niyyar biya, gwargwadon buƙata. In za ka iya da kuɗin makaranta kaɗai, ka bar na ɗawainiya, ko ka daina karɓa da zarar ka samu ɗan abin yi. Na manhaja haram ne. Giɓin kayan aiki da ɗaki ka kai shi ga dangi a matsayin rance mai kyau, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar, ko a shiga maka adashi. Kuma ɗalibi mabuƙaci irinka ya cancanci zakka, don haka kada ka ji nauyin gaya wa limamin unguwarku ya yi maka magana da masu fitarwa. Ka yi istihara, ka rubuta adadin bashin a takarda, ka ba mahaifinka kwafi ya ajiye.

Wallahu a'alam.