Tunda ana tace ruwan Dadin Kowa, mene ne laifin feshi a bakin dam?

Tambaya: Ina noman rani kusa da dam ɗin Dadin Kowa. Malaman gona sun ce mu daina feshi da wanke injin feshi a bakin ruwa, wai shi mutanen Gombe ke sha. To ba ana tace shi kafin ya isa famfo ba? Daga wani manomi a Yamaltu/Deba.

Amsa: Malam, Allah ya sa wa noma albarka. Ana tacewa, amma ba komai matatar ruwa ke kamawa ba. Alif ɗin da ake zubawa laka yake tarawa ta kwanta, kulorin kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa. Abin da ya narke a ruwa kamar gishiri, irin maganin ciyawa da sinadarin naitiret da takin yuriya ke rikiɗewa ya zama, yawancinsa wucewa yake yi ya shiga bututu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitiret ya haura miligiram 50 a lita ɗaya, saboda jarirai: yana hana jininsu ɗaukar iska, har leɓensu ya yi shuɗi. Ka tuna kuma kogin Gongola daga Filato ya taso, ya ratso Bauchi, duk abin da ya kwaso a hanya a dam ɗin nan yake taruwa.

Wankin injin nan shi ya fi ci mini rai. Na sha ganin matashi da yamma ya sauke injin daga bayansa, ya tsoma a ruwa ya ɗauraye, farin kumfa na yawo, ya jefar da gorar magani a gefe. Can gaba kaɗan yarinya na cika jarka. Ita nata ruwan ko matatar bai gani ba.

Ka ɗebi ruwa a bokiti ka hau tudu, ka ɗauraye gorar sau 3, ka juye a injin ka fesa a gonar. Sannan ka huda gorar, kada wani ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha a ciki.

Tsakanin kunyarka ta ƙarshe da ruwa, ka bar fili kamar taku 15 zuwa 20, ka dasa jema ko gamba. Saiwarsu na riƙe ƙasa, tana tare laka da taki. Na san manomi ba ya son barin ko taku ɗaya na fadama, amma wurin nan dama zaizaya ke cinye shi.

Taki kuwa, raba shi kashi biyu, ka binne a gindin shuka, kada ka watsa sannan ka sako ruwa da ƙarfi. Wanda ya gangara dam kuɗinka ne ya tafi, gansakuka zai ciyar, ita kuma ta toshe matata ta sa wa ruwan famfo wari.